Yadda Kawu Ya Mayar da Ofishin Baba Baya da Shekara Goma Sha Ɗaya

Ke ƙawata, a ƙarshe dai kwamfutar ofishin Baba ta mutu! Jiya da rana ta mutu, a makarantarmu, a gaban iyayen yara da malamai da 'yan ajinmu duka, ni kuma ina tsaye a gefenta rungume da fanka kamar wata sakarya. Kar ki katse ni, bari in fara miki tun daga tushe, don tunda kuka tashi daga unguwar nan ba ki san irin abin da muka gani ba.

Kin dai tuna ofishin Baba na kwangilar gini, ɗaki biyun nan da ke saman shagon tela. Mama ce akantarsa. To akwai wata kwamfuta a kan teburin Mama, mai ƙaton ƙeya, kowa Tsohuwa yake ce mata. A cikinta akwai manhajar lissafin gini, ita ke fitar da kiyasin kuɗin aiki, da yawan siminti da rodi, da albashin ma'aikata. Ta girme ni fa. Waɗanda suka yi manhajar ma sun daɗe da rufe kamfaninsu. In kika kunna ta, sai ki sauka ƙasa ki gaisa da tela, ki sha ruwa, ki dawo, ki tarar har yanzu tana tunani. Saboda ita Mama ba ta dawowa gida sai duhu ya yi, Asabar ma tana can. Ta yi roƙon duniya a sayo sabuwa, Baba ya ƙi. Ya ce da Tsohuwa ya yi kiyasin gininsa na farko, kuma muddin tana numfashi ba mai taɓa ta. Riƙe wannan maganar, don a kanta ake ta rigimar.

Da aka shiga sabuwar shekara sai Tsohuwa ta kafe. Kome aka rubuta mata da shekarar bana sai ta tofar, wai ba ta san wannan shekarar ba. Ranar Mama ta dawo gida tana 'yar waƙa a hanci. Kwana biyu sai ga wata mata daga kamfanin sabuwar manhaja ta zo ta baje kayanta, ta nuna wa Baba yadda abin yake yi kafin ki ƙifta ido. Har Baba ya cire murfin biro, sai muka ji takun Kawu a kan matakala.

Ba ki taɓa ganin Kawu ba ko? Yayan Mama ne. Ya taɓa zaman 'yan watanni a shagon gyaran waya, tun daga nan ba ya rabuwa da ɗan sukundireba a aljihun gaba da tabarau a goshi. Injiniya yake kiran kansa. Shi ya gyara mana rediyo, yanzu ba ta kama tasha sai an riƙe mata kunne. Duk danginmu mutum ɗaya ne ke ce masa Injiniya da zuciya ɗaya, kuma ga ta nan tana ba ki labari.

Ya zagaye Tsohuwa, ya ƙwanƙwasa mata baya, ya sauko da tabarau kan hanci, ya ce da Baba, “Maigida, mayar da murfin biron nan. Kwamfuta ba ta tsufa, mutane ne ke gaya mata ta tsufa. Tunda ba ta san bana ba, wa ya ce lallai sai an gaya mata bana ce?”

Dabararsa ita ce a mayar da agogon cikinta baya, zuwa shekarar da ta sani. Ya sa aka ja kabad, ya zaƙulo wata tsohuwar kalanda mai ƙura da kashin ɓera, ya gwada ta da ta bana, sai ga ranakun sun dace cif, Litinin kan Litinin. Kalandar shekara goma sha ɗaya da suka wuce ce. Ya danna nan ya danna can, Tsohuwa ta yi tari, ta kama aiki. Baba har da ƙwalla. Matar kamfani ta tattara kayanta ta sauka. Kawu ya yi alkawarin Tsohuwa za ta ƙara wasu shekaru goma a hannunsa, in ma an ba shi dama har jikokina sai sun yi lissafi da ita. Waƙar Mama dai ta tsaya.

Nan take ya kafa doka. Ya ja layi da alli a bakin ƙofa, ya rataye tsohuwar kalandar a bango. In ka tsallako ciki ka debe goma sha ɗaya, in za ka fita ka mayar. Ni kuma ya naɗa ni Shugabar Sashen Kwanan Wata. Aikina, in na taso daga makaranta, in bi duk takardar da firinta ta fitar in shafe shekarar da farin ruwan nan na goge rubutu, in hura ya bushe, in rubuta ta bana da biro. Har kati ya yanko min daga kwalin sabulu, ya rubuta muƙamina, ya sa masa igiya. Wallahi na rataya shi na tafi da shi makaranta. Na tara 'yan ajinmu na ce musu Kawuna ya yi kokawa da lokaci ya kayar da shi. Ki duba fa, uwata tana shan wahala, ni ina ɓangaren abokan gaba a kan kwalin sabulu.

Tela shi ya fara jin labari, don komai na sama a kunnensa yake sauka. Duk safiya in Kawu zai hau sai ya tsayar da keken ɗinki ya ce, tunda zamanin da zai koma, don Allah ya gaida masa da sumar kansa, ya ce mata ana kewarta. Kawu ya ce ai ya duba, ko a wancan zamanin ma sanƙo ne da shi. Tela ya ce to ya duba masa ko a wancan zamanin Kawu ya taɓa gyara wani abu ya gyaru. Kawu ya ce ba ya jayayya da wanda iliminsa bai wuce zare da allura ba. Kullum haka, har mai kanti na tsallaken titi ya fara fito da kujera.

Ƙarshen wata aka zo yin albashi, sai Tsohuwa ta ƙi sa rabin leburori. Wai yara ne. Ita fa a ganinta shekara goma sha ɗaya baya muke, to duk wanda bai kai talatin ba sai ta ga ɗan makaranta. Direban tifa, mai gemu har ƙirji da 'ya'ya biyu, ta ce shekararsa goma sha biyu, a kai shi makaranta. Suka cika matakala da takalmansu masu siminti. Tela ya fito da tef ɗin awo a wuya yana tambaya wa zai fara yi wa rigar makaranta, ya ce da direba ya yi haƙuri, gajeren wando ne doka. Da ba a riƙe direba ba da tela ya kwana a asibiti.

Kawu bai ko girgiza ba. Ya ce abu mai sauƙi, a ja ranar haihuwar kowa baya da goma sha ɗaya, shi ke nan kowa ya koma shekarunsa. Ya ce Shugabar Sashe ta aiwatar. Na zauna na aiwatar, har da lasar leɓe. Washegari da safe shi kuma ya zo, ya manta ya sa ni, ya sake aiwatarwa da kansa. Direba ya tashi daga yaro ya zama babban mutum, shi dai ya samu albashinsa. Amma babban birkilan Baba, wanda da ma ya ɗan manyanta, sai Tsohuwa ta ga ya wuce shekarun aiki, ta buga masa takardar ritaya mai kyau, da godiya da fatan hutu lafiya. Ni kuma na shafe shekarar, na hura, na gyara, na sa a ambulan ban karanta ba. Aikina kwanan wata ne, ba karatu ba.

Matarsa ce ta kawo amsa. Ta hawo da takardar a hannu, ta tsallake layin alli ba ta debe komai ba, ta ce a nuna mata wanda ya yi wa mijinta ritaya alhali ko jiya shi ya ɗaga buhun siminti biyu. Kawu ya fara yi mata bayani wai matsala ce ta cikin na'ura wadda ba kowa ke ganewa ba. Ta ce ita ma tana da matsala ta cikin hannu wadda zai gane yanzun nan. Sai da Mama ta ja ta ɗaya ɗakin ta ba ta ruwa da haƙuri. Ranar Mama ta zauna ta bi sunan kowa ɗaya bayan ɗaya ta cire ƙarin da Kawu ya yi, muka ci abinci ba ita.

Babbar matsalar ma ba wannan ba ce. Tsohuwa tana ɗauko farashin kaya ne bisa shekarar da take ciki. To tunda an ce mata wancan zamanin ne, sai take lissafa siminti da rodi da kwanon rufi da farashin wancan zamanin. Mama ta faɗa tun makon farko. Kawu ya ce ɗan tari ne, zai wuce. Baba ya ce a yi haƙuri da dattijuwa. Mama kuwa ba za ta iya tsayawa tana musu da yayanta a gaban mijinta ba, ba kuma za ta bari takardar banza ta fita da sunan Baba ba. Sai ya zama duk kiyasin da Tsohuwa ta fitar, Mama ta zauna ta sake shi da hannu daga farko har ƙarshe. Aikinta ya ninka. Kawu kuma yana ganin komai na tafiya lami lafiya sai ƙirji ya ƙara faɗi. Ya sa sunansa a jerin ma'aikata a matsayin Babban Injiniya. Ya fara bin sauran 'yan kwangila yana cewa duk mai mushen kwamfuta ya kawo a tayar masa.

Da zafi ya shigo Tsohuwa ta fara zazzaɓi, sai ya ce tana buƙatar fanka tata ta kanta. Ba wanda ya tilasta ni. Ni da hannuna na cire fankar ɗakina na kai. Ina kwana cikin gumi ina jin kaina wata babbar ma'aikaciya mai sadaukarwa.

Ana haka sai makarantarmu ta ce za ta gina ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, 'yan kwangila uku su zo taron iyaye kowa ya faɗi kiyasinsa. Baba yana ciki, kuma ya daɗe bai ga aiki mai girman wannan ba. Kawu ya ce wannan ce ranar. Ba takarda za mu kai ba, Tsohuwa za mu ɗauka ɗungurungum, ta yi lissafin a gaban jama'a, ta yi magana da bakinta, duniya ta shaida. Baba ya dubi Mama. Mama tana jera takardu, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce yadda Yaya ya ce haka za a yi.

Jiya aka naɗe Tsohuwa da bargo aka ɗora ta a bayan motar ɗaukar kaya, Kawu a zaune kusa da ita ya riƙe ta kamar mai jinya. Leburori biyu suka shigo da ita ɗakin taro, wani ya biyo da firinta, ni ina biye da fanka da katina a wuya, muka ratsa tsakiyar 'yan ajinmu. Har hannu na ɗaga musu. Sauran 'yan kwangilar kowa da 'yar siririyar kwamfutarsa a hammata, suka yi bayaninsu suka zauna.

Kawu ya kunna Tsohuwa, ya ce kafin ta kimtsa bari ya ɗan yi jawabi. Ya yi jawabi a kan yadda mutanen yanzu ba su san darajar tsohon abu ba, da yadda manyan kamfanoni suke nemansa yana ƙi. Ya gama, aka tafa, ya waiga, Tsohuwa tana tunani. Sai ya sake kamo jawabin daga tsakiya. Wani jariri ya yi barci ya farka kafin ta buɗe ido.

Aka zuba mata tsawo da faɗin ginin. Firinta ta yi ta ƙara kamar ana yanka kwano, takarda ta fito. Na miƙa hannu da farin ruwana, Kawu ya fizge takardar ya ce yau ba lokacin kwalliya, ya miƙa wa Shugabar makaranta da hannu biyu. Ta karanta jimlar. Sai tafi ya ɓarke. Iyaye har da masu miƙewa. Kiyasinmu bai kai rabin rabin na sauran ba. Kawu ya dafa ƙirji yana rusuna wa hagu da dama, ni ma ina washe baki ina neman idon 'yan ajinmu. Sai na hango Baba. Fuskarsa kamar wanda ya haɗiyi ƙusa, don shi ya san wannan kuɗin ko rufi ba zai yi ba.

Baban wata 'yar ajinmu dilan siminti ne. Ya miƙe a hankali ya ce don Allah a karanta masa nawa aka sa buhu. Shugaba ta karanta. Ya ce to shi ba ruwansa da ɗakin kimiyya, a sayar masa da simintin kawai, ko tirela nawa ne, yanzu zai kira yaransa su kawo motoci. Dariya ta fara daga baya tana tahowa gaba. Shugaba ba ta yi dariya ba, ta ci gaba da karatu har ƙasan takarda, inda aka rubuta ranar da za a gama aiki. Ta dubi Baba ta saman tabarau.

“Ɗan kwangila, a nan an ce kun gama ginin nan shekara goma da suka wuce. Lokacin ni ina ɗaliba a kwalejin malamai. A wane ɓangare kuka ajiye shi? Ina so in leƙa.”

Daga can baya wata murya, kuma na san muryar wace ce, ta ce a tambayi Shugabar Sashen Kwanan Wata mana. Ɗakin gaba ɗaya ya juyo kaina. Na rasa inda zan sa fuskata, sai na ɓuya a bayan fanka, fankar da ake hango mutum ta cikinta.

Kawu ya ɗaga hannu ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, ƙaramin abu ne, yanzu zai dawo da ita zamaninmu a ga farashin yau. Baba ya ce, Yaya, bari. Kafin ya rufe baki Kawu ya danna. Ki yi tunani, baiwar Allah tana zaune lafiya a zamaninta, ƙiftawar ido ta ga shekara goma sha ɗaya sun faɗo mata a ka, ga ma'aikatan da aka ja wa ranar haihuwa baya duk sun ƙara tsufa. Ta yi wani gurnani, firinta ta kama aiki ba wanda ya sa ta. Takardar farko ta ritayar babban birkila ce, karo na biyu ke nan, Allah ya so matarsa ba ta wurin. Ta biyu ta maigadi. Ta uku ta Baba, a kamfaninsa na kansa. Takardu suna zubowa ƙasa, yara suna tsinta suna karantawa da ƙarfi. Kawu yana ta danne-danne, yana ce min in matso da fanka, in ƙara mata gudu, ni kuma ina matsowa, don har lokacin ban daina yi masa biyayya ba.

Sai wani wari ya tashi kamar an ƙona gashi. Firinta ta ja takarda ɗaya ta ƙarshe da ƙyar, allon ya yi fari, ya yi baƙi, shi ke nan. Shugaba ta sunkuya ta ɗauki takardar ta karanta da muryar taron safe. Kamfani yana godiya ga Babban Injiniya bisa hidimarsa, yana sanar da shi cewa lokacin hutunsa ya yi.

Ban san inda mutane suka samo sauran dariyar ba. Dilan siminti ya cire hula wai yana girmama mamaciya. Kawu ya kara kunne a jikinta, ya hura mata iska ta baya, ya ɗan mare ta a gefe, ya sanar wa jama'a cewa suma ta yi. Baba ya taso ya ɗora hannu a kanta, ya daɗe a haka. Ya ce ta yi iya yinta. Sannan ya juya wajen Mama, a gaban kowa, ya ce ta kira matar kamfanin nan, ranar Litinin zai sa hannu. Mama ta ce to. Ta buɗe jakarta ta fito da kiyasi na gaskiya, rubutun hannunta tsaf, ta miƙa wa Shugaba ta ba da haƙuri. Shugaba ta karɓa ta ce za a duba shi tare da na sauran.

Da yamma rana ba ta ko faɗi ba sai ga Mama a gida, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta miƙe ƙafa. Rabon da in ga haka har na manta. Ta ce in zo ta tsefe min kai. Ina zaune a gabanta abin yana ta cina, sai na ce, Mama, ke da ba ki bari ko takardar ƙusa ta fita ba ki duba ba, yaya aka yi wannan ya wuce ki? Ai kin san abin da za ta fitar.

Ta ci gaba da tsifa. Ta ce, “Na sani mana. Tun shekaranjiya na gwada na gani.”

Na juyo zan kalle ta, ta mayar min da kai gaba da tsinken tsifa.

“Yaya ya ce a bar ta ta yi magana da bakinta. Ni kuwa ba na musu da na gaba da ni. Zauna daidai.”

Ke, Mamata fa, wadda nake ganin ko sauro ba za ta iya yi wa makirci ba. Ni da nake yawo da kati a wuya ina jin ni ce mai wayon gidan.

To ki ji, abin da ya faru a makaranta kowa ya sani, ki ba wanda kika ga dama, ni ma na haƙura da mutuncina har ƙarshen zango. Amma maganar tsifar nan daga ni sai ke. Baba bai sa hannu ba tukuna, tun jiya yake zaune kamar mai zaman makoki, Kawu kuma tun asuba ya tafi kasuwar tsofaffin kaya neman abin da zai farfaɗo da ita, ya ce kafin Litinin za ta tashi. In ɗayansu ya ji cewa Mama ta sani ta yi shiru, wallahi sai sun tayar da Tsohuwar nan ko don haushi. Don Allah, don girman ƙawancenmu, kar ki gaya wa kowa, ko mamarki, sai biron Baba ya taɓa takarda.